Yawon tsibirai a jirgin ruwan shaƙatawa: yadda harkar take, masu yi mata hidima da masu kwasar ribarta

A kowace shekara, daga watan Disamba zuwa Afrilu, dubban ƙananan jiragen ruwa na shaƙatawa kan bazu a tsakanin tsibiran yankin Karibiyan, kowanne ɗauke da baƙi shida zuwa goma da ma'aikata biyu ko uku. Baƙin sukan kwashe mako guda a cikin jirgin. A nan suke kwana, a nan ake dafa musu abinci, kuma kowace safiya a ɗaga ƙugiyar da ke riƙe da jirgin a ƙasan teku a nufi wani tsibirin. Kamfanonin da ke sayar da wannan hutu suna tallata shi a matsayin kuɓuta daga duniya da hayaniyarta. Amma idan aka ɗauki jirgi guda aka bi diddiginsa, aka tambayi wa ya mallake shi, tutar wace ƙasa ke kaɗawa a bayansa, wa ke aiki a cikinsa, kuma aljihun wa kuɗin hayarsa ke shiga, za a tarar da harka mai tsari wadda aka ɗora a kan dokokin teku, da kuma a kan ramukan da ke cikin dokokin.

Ana irin wannan yawo a wurare masu zafi da dama: Seychelles da Maldives a Tekun Indiya, gaɓar Phuket a Tailan, Fiji da Tonga da Tahiti a Tekun Fasifik. Sai dai a Karibiyan aka yanke wa harkar cibi a matsayin kasuwanci, kuma can ne ya fi dacewa a duba ta.

Asalin harkar

Sunan da Turawa ke kiran wannan jirgi da shi, wato yot, ya fito ne daga wata kalmar mutanen Holan mai nufin farauta, domin da irin waɗannan jirage marasa nauyi suke bin sawun 'yan fashin teku. A 1660 birnin Amsterdam ya yi wa Sarki Charles na II na Ingila kyautar wani mai suna Mary, daga nan tuƙin jirgi don nishaɗi ya zama wasan sarakuna da attajirai. Tunanin cewa mutum ɗaya ko biyu za su iya ratsa manyan tekuna a ƙaramin jirgi ya yi ƙarfi bayan da Joshua Slocum ya bar Boston a 1895 cikin jirginsa Spray, mai tsawon mita 11 da 'yan kai, ya zagaya duniya shi kaɗai, ya dawo a 1898.

Kasuwancin hayar kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama. A 1949 wani tsohon hafsan sojan ruwan Birtaniya, Kwamanda Vernon Nicholson, ya sauka da iyalinsa a English Harbour da ke tsibirin Antigua cikin jirginsu Mollihawk. Suka tarar tsohon sansanin sojan ruwan da ke wurin ya zama kufai, suka zauna a cikinsa, suka fara ɗaukar baƙi zuwa tsibiran maƙwabta ana biyan su. Sansanin nan, da ake kira Nelson's Dockyard, bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka gina shi a ƙarni na 18 domin tsaron gonakin raken Turawa, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. A yau a bakinsa ake jera jirage kowane Disamba domin dillalai su duba su kafin a shiga kakar haya.

Mataki na biyu ya zo a 1969, lokacin da Charlie Cary da matarsa Ginny suka buɗe kamfanin The Moorings a Tortola, mafi girma cikin Tsibiran Virgin na Birtaniya, da jirage shida kacal. Dabararsu ita ce a miƙa wa baƙo jirgi ya tuƙa da kansa, kamar yadda ake ba da hayar mota. Wannan ne ya sauko da harkar daga hannun attajirai zalla zuwa hannun masu matsakaicin hali na Amurka da Turai.

Jirgin da hanyarsa

Jiragen iri uku ne. Akwai mai gangar jiki guda, wanda iska ke turawa ta hanyar manyan ƙyallaye da ake shimfiɗawa a jikin wani dogon ginshiƙi, yana kuma da nauyin ƙarfe a ƙasansa da ke hana shi kifewa. Akwai katamaran, wanda ya yi kama da kwale-kwale biyu da aka haɗa da falo a tsakiya. Sai mai inji zalla, wanda ya fi gudu ya kuma fi shan mai. Katamaran ne ya mamaye kasuwar haya a Karibiyan, saboda ba ya karkata idan iska ta cika ƙyallensa, yana da fili, kuma yana iya shiga ruwa marar zurfi kusa da gaɓa. Mai tsawon mita 12 zuwa 15 yakan ƙunshi ɗakunan kwana huɗu, kowanne da banɗakinsa. Akasarinsu a Faransa ake ƙera su, a kamfanoni irin su Lagoon da Fountaine Pajot, ko kuma a Cape Town ta Afirka ta Kudu, inda kamfanin Robertson and Caine ke ƙera samfurin Leopard.

Irin wannan jirgi gida ne mai cin gashin kansa. Yana da tankin ruwa, sau da yawa har da na'urar tace ruwan teku ya zama na sha, da batura da farantan sola da janareto, da firji da murhun gas, da ɗan kwale-kwalen roba mai inji na fita gaɓa. Gudunsa bai taka kara ya karya ba: mil 5 zuwa 8 na teku a awa, kuma mil na teku mita 1,852 ne. Mai keke idan ya dage zai iya wuce shi.

Abin da ya sa yankin ya dace da wannan jinkiri shi ne iska da tsarin tsibiran. Akwai iska mai ɗorewa da ke busowa daga gabas da arewa maso gabas a mafi yawan shekara, su kuma tsibiran gabashin Karibiyan sun jeru kamar carbi daga arewa zuwa kudu, don haka iskar kan bugi jirgin ta gefe, wanda shi ne tuƙi mafi sauƙi. A Tsibiran Virgin na Birtaniya, inda tsibirai kusan 60 suka kewaye mashigin Sir Francis Drake, matuƙi yana hango inda za shi da idonsa. Tafiyar yini ba ta wuce awa biyu zuwa huɗu, daga Tortola zuwa Norman Island, zuwa manyan duwatsun Virgin Gorda, zuwa Jost Van Dyke. Anegada ne kaɗai ke buƙatar taka-tsantsan, domin shimfiɗaɗɗen tsibiri ne da ba a hango shi daga nesa, kuma duwatsun murjanin da ke kewaye da shi sun ci ɗaruruwan jirage a tarihi. A kudu kuma akwai tsibiran Grenadines, tsakanin St Vincent da Grenada, inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi, tazara kuma ta fi nisa.

Taswirar talla ba ta cika nuna cewa kusan kowane tsibiri ƙasa ce ta daban ba. Martinique da Guadeloupe yankunan Faransa ne, kuɗin yuro ake kashewa a cikinsu. St Lucia da Grenada da Antigua ƙasashe ne masu 'yanci. St Martin an raba shi tsakanin Faransa da Holan. Duk lokacin da jirgi ya shiga ruwan wata ƙasa, wajibi ne ya ɗaga ƙaramar tuta ruwan ɗorawa, kyaftin ya sauka da fasfon kowa ya je wurin jami'an kwastam da na shige da fice, ya biya haraji, kafin wani ya taka ƙasa.

Haya da kuɗinta

Haya iri biyu ce: ko a ba ka jirgi ka tuƙa da kanka bayan ka nuna shaidar ƙwarewa ka ajiye kuɗin jingina, ko ka ɗauke shi da ma'aikatansa. Na farkon yakan ci dubban daloli a mako. Na biyun, a katamaran mai kyaftin da kuku, yakan fara daga dala dubu goma sha wani abu ya haura dubu hamsin, har da abinci da abin sha. A manyan jirage na alfarma, waɗanda suka haura mita 24, kuɗin haya daban, kuɗin mai da cefane da harajin tashoshi daban, kuma ana karɓar kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin hayar a matsayin kafin alƙalami domin waɗannan buƙatu. Dillalin da ya haɗa cinikin, wanda galibi yana zaune a Florida ko Monaco ko Landan, yakan ɗauki la'adar kusan kashi 15.

Yawancin jiragen da ke jere a matsayar manyan kamfanoni ba mallakin kamfanonin ba ne. Wani likita ko ɗan kasuwa ne a Amurka ko Jamus ya sayi jirgin, ya damƙa wa kamfani ya yi haya da shi na kimanin shekara biyar, ana ba shi wani kaso da kuma 'yan makonni na hutu a kowace shekara. Masu harkar suna da wani ƙiyasi da suka saba yi, cewa kula da jirgi a shekara yakan ci kusan kashi ɗaya cikin goma na kuɗin da aka saye shi. Shi ya sa hatta masu kuɗi sosai suke sakin jiragensu a kasuwar haya.

Masu aikin

A ƙaramin jirgin haya, ma'aikata biyu ne ke ɗauke da komai, kuma sau da yawa miji da mata ne ko masoya, saboda ɗakin da aka ware musu a ƙuryar gaban jirgin ba ya ɗaukar baƙin juna. Kyaftin shi ne matuƙi, shi ne makaniki, shi ne mai gyaran famfo da wutar lantarki, shi ne direban kwale-kwalen fita gaɓa, shi ne kuma mai amsa tambaya idan wani abu ya faru. Kuku ita ke cefane, ta dafa abinci sau uku ban da na marmari a ɗakin girkin da bai fi faɗin tabarma biyu ba, ta gyara gadaje, ta wanke banɗakuna, sannan ta tsaya a gaban jirgin ta kama igiya idan za a ɗaure shi. Aiki yakan fara kafin baƙi su farka, ya ƙare bayan sun kwanta. Idan iska ta tashi cikin dare, kyaftin ba ya barci, domin ƙugiya na iya sakin ƙasa jirgin ya ja zuwa kan duwatsu. A tsakiyar kaka, tsakanin tafiyar wasu baƙi da zuwan wasu, wani lokaci yini guda ne kawai.

Shiga aikin na da matakai. Ana buƙatar horon kwana biyar a ƙarƙashin yarjejeniyar STCW ta Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, wanda ya ƙunshi kashe gobara, taimakon gaggawa da ceton rai a teku, sai takardar shaidar lafiya irin ENG1 ta Birtaniya. Mai son zama kyaftin yakan nemi takardar Yachtmaster ta ƙungiyar RYA, wadda ba a zama jarrabawarta sai mutum ya nuna ya yi tafiyar mil 2,500 na teku. Duk wannan kuɗi ne da lokaci. A kansu kuma akwai biza: jirgin da ke yin hunturu a Karibiyan da bazara a Bahar Rum yana buƙatar ma'aikacin da zai iya shiga Amurka da Turai ba tare da wahala ba. Wannan ne ya sa 'yan Birtaniya da Afirka ta Kudu da Ostireliya da New Zealand suka cika aikin, yayin da 'ya'yan tsibiran da aka haifa a bakin ruwan suka fi yawa a ɓangaren wanki da fenti da gyaran inji a tasha.

Dokar ƙwadago ta teku, wato yarjejeniyar MLC ta 2006 da ta fara aiki a watan Agustan 2013, ta tanadi hutun aƙalla awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 a mako, da kwantiragi a rubuce, da kuɗin mayar da ma'aikaci gida. Lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa mutum biyu masu hidimar baƙi takwas dare da rana ba su cika samun wannan hutu ba. Bugu da ƙari, yarjejeniyar ta shafi jiragen kasuwanci ne, ba ta rufe jirgin da mai shi ke amfani da shi don kansa ba, kuma takardar shaidar bin ta ba ta zama dole sai ga jirgin da girmansa ya kai tan 500. Mafi yawan jiragen da ake magana a kansu ba su kai ko kusa da haka ba. Akwai ma wata iyaka da ta tsara kasuwar baki ɗaya: a dokar SOLAS, duk jirgin da ya ɗauki fasinja fiye da 12 ya zama jirgin fasinja mai tsauraran sharuɗɗa. Shi ya sa za ka ga jirgi mai tsawon mita 60 yana tallar gadon baƙi 12 cif.

Tukwici babban kaso ne na abin da ma'aikaci ke samu, kuma a Karibiyan al'adar ita ce kashi 15 zuwa 20 na kuɗin haya. Illar hakan a fili take. Ma'aikaciyar da baƙo ya ci wa mutunci ranar Talata ta san cewa a hannunsa tukwicinta yake ranar Asabar, ta kuma san babu inda za ta gudu a tsakiyar ruwa. Idan wanda ya yi mata laifin kyaftin ne, shi ne kuma shugaban da za ta kai wa ƙara. Ƙungiyar ƙwadago ta Nautilus International da ƙungiyar agaji ta ISWAN, wadda ta buɗe layin waya musamman domin ma'aikatan irin waɗannan jirage, sun daɗe suna magana a kan cin zarafi da hana albashi da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa a wannan aiki.

Tuta da mai jirgi

A nan gizo ke saƙar. A dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, kowane jirgi ɗan ƙasar da yake ɗauke da tutarta ne, kuma idan ya fita can tsakiyar teku, dokar wannan ƙasa ce kawai ke hawa kansa. Dokar ta ce dole a sami alaƙa ta haƙiƙa tsakanin jirgi da ƙasar, amma ba ta fayyace abin da alaƙar ke nufi ba. Ta wannan ƙofa kasuwar tuta ta shigo. Wanda ya zagaya matsayar jirage a Antigua ko St Martin zai ga an rubuta George Town a bayan jirage da yawa, wato babban birnin Tsibiran Cayman, ko Valletta ta Malta, ko Bikini. Bikinin nan shi ne tsibirin Marshall da Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya 23 a kansa tsakanin 1946 da 1958, kuma akasarin jiragen da ke ɗauke da sunansa ba su taɓa zuwa can ba. Rajistar jiragen Tsibiran Marshall wani kamfani ne ke gudanar da ita daga jihar Virginia ta Amurka, kamar yadda ta Laberiya ma daga Virginia ake gudanar da ita.

A takardar rajistar kuma, da wuya a ga sunan mutum. Abin da ake gani sunan kamfani ne wanda bai mallaki komai ba sai jirgin. Akwai dalilai na halal da ke sa a yi haka, kamar neman rance da raba dukiyar mutum da haɗarin shari'a, kuma mafi yawan masu ƙananan jirage ba su da abin ɓoyewa. Amma tsarin da ke kare likitan Jamus shi ne dai ke lulluɓe ɓarawon gwamnati. Tsibiran Virgin na Birtaniya, hedikwatar hayar jirage, su ne kuma ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin rajistar irin waɗannan kamfanoni tun bayan dokar da suka yi a 1984. Cikin kamfanoni kusan 214,000 da suka bayyana a takardun Panama a 2016, fiye da rabi a can aka yi musu rajista. Majalisar Dokokin Birtaniya ta yi doka a 2018 da ke neman yankunan da ke ƙarƙashinta su buɗe wa jama'a sunayen ainihin masu kamfanoni, amma wa'adin ya sha ɗagawa.

'Yan Najeriya sun ga yadda wannan ke aiki a kan dukiyarsu. A watan Yulin 2017 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta shigar da ƙara a Houston tana neman ƙwace kadarori na kimanin dala miliyan 144, ciki har da jirgin Galactica Star mai tsawon mita 65, wanda kamfanin Heesen na Holan ya ƙera a 2013, aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dala miliyan 80. Ƙarar ta yi zargin cewa 'yan kasuwa Kolawole Aluko da Olajide Omokore sun bai wa ministar man fetur ta lokacin, Diezani Alison-Madueke, cin hanci domin samun kwangiloli, aka kwashi ɗanyen mai na fiye da dala biliyan 1.5, aka kuma sayi jirgin da wani ɓangare na kuɗin, da sunan wani kamfani mai rajista a Tsibiran Virgin na Birtaniya. Ita dai tsohuwar ministar ta sha musanta zarge-zargen da ake yi mata. A watan Janairun 2025 Najeriya da Amurka suka sanya hannu a kan yarjejeniyar mayar da dala miliyan 52.88 daga waɗannan kadarori, aka ware miliyan 50 domin samar da lantarki a karkara ta hannun Bankin Duniya. Abin da ya dawo bai kai kuɗin jirgin kaɗai ba.

Galactica Star ya fi ƙaramin katamaran girma nesa ba kusa ba, amma kasuwa ɗaya suke ci, dillalai ɗaya, tutoci ɗaya. An ga irin wannan a jirgin Equanimity na badaƙalar asusun 1MDB ta Malesiya, wanda aka kama a gaɓar Bali a 2018, da Amadea da aka kama a Fiji a 2022 bisa buƙatar Amurka. Labarin Alfa Nero kuwa ya nuna wanda ɗawainiya ke faɗawa kansa. An yi watsi da shi a Falmouth Harbour ta Antigua bayan takunkumin da ya biyo bayan mamayar Rasha a Yukiren, ƙaramar ƙasar ta ƙwace shi a 2023 ta riƙa kashe dubban daloli kowane mako wajen kula da shi. Tsohon shugaban Google, Eric Schmidt, ya taya shi dala miliyan 67.6 a gwanjo, sannan ya janye saboda ƙararrakin da suka dabaibaye cinikin. A ƙarshe an sayar da shi dala miliyan 40 a 2024.

Hanyoyin da baƙi ke bi su ne kuma masu safarar hodar ibilis ke bi daga Kudancin Amurka, kuma ƙaramin jirgi mai ƙyallen iska ba ya jan ido a cikin ɗaruruwan 'yan uwansa. Matsalar ta taɓa kaiwa har ƙololuwar mulki: a watan Afrilun 2022 aka kama firimiyan Tsibiran Virgin na Birtaniya, Andrew Fahie, a Miami, wata kotun Amurka ta same shi da laifin haɗa baki domin barin hodar ta ratsa tashoshin yankinsa, aka ɗaure shi shekara 11 da 'yan watanni a 2024.

Rabon tsibirai

Ba gaskiya ba ne a ce tsibiran ba sa amfana. Baƙon da ya zo a ƙaramin jirgi yana kwashe kwanaki, yana cin abinci a gaɓa, yana hawa tasi, jirginsa na buƙatar mai ɗinkin ƙyalle da mai walda da mai wanki, saɓanin fasinjan katafaren jirgin yawon buɗe ido da ke sauka na awa shida ya koma ya ci abinci a jirginsa. A Grenadines akwai matasa masu kwale-kwalen inji da ke tarbar jirage suna sayar da burodi da kifi da manyan jatan lande, suna kuma taimakawa wajen ɗauri. Garuruwa irin su Clifton a Union Island da Port Elizabeth a Bequia da wannan suke rayuwa. Amma babban kuɗin, wato na hayar kanta, an riga an biya shi ta banki a wata nahiyar kafin baƙon ya hau jirgin sama, kuma kayan abinci da yawa shigo da su ake yi.

Ɓarnar kuwa a gida take zama. Ƙugiya da sarƙarta suna karya murjani, wanda ke ɗaukar shekaru kafin ya ƙaru da ɗan taƙi, suna kuma tumɓuke ciyawar ƙasan teku da kunkuru ke ci. A watan Janairun 2016 hukumomin Cayman suka ce sarƙar jirgin Tatoosh, mallakin attajiri Paul Allen, ta lalata murjani mai faɗin kusan murabba'in mita 1,300. Kamfaninsa ya ce jami'an tasha ne suka nuna musu wurin tsayawa, daga baya kuma ya ɗauki nauyin gyara. Maganin da aka samo shi ne kafa turaku a ƙasan teku da jirage za su ɗaure a jiki a biya kuɗi, kamar yadda ake yi a gandun ruwa na Tobago Cays, wasu ƙananan tsibirai biyar da ba kowa a kansu a ƙasar St Vincent da Grenadines. Ruwan banɗaki ma matsala ne, domin wuraren zuƙe shi daga tankin jirgi ba su da yawa a yankin.

Sai guguwa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kakar mahaukaciyar guguwa ce a Tekun Atlantika, kuma kamfanonin inshora kan tilasta wa masu jirage su fitar da su daga yankin haɗari, zuwa Grenada ko Chaguaramas ta Trinidad a kudu, ko kuma zuwa Amurka da Turai. A 6 ga Satumban 2017 guguwar Irma ta ratsa Tsibiran Virgin na Birtaniya, ta tara ɗaruruwan jiragen haya a kan juna a Paraquita Bay, asarar da ta yi kuma ta zarce duk abin da tattalin arzikin yankin ke samarwa a shekara. A 1 ga Yulin 2024 Beryl ta afka wa Carriacou da Petite Martinique da Union Island, inda firaministan lokacin, Ralph Gonsalves, ya ce kashi 90 na gidajen Union Island sun lalace ko sun rushe. Jirgi mai inshora ana maye gurbinsa da sabo daga Faransa, kamfani kuma yana iya karkatar da baƙinsa zuwa wani tsibirin a kaka mai zuwa. Matar da ke gasa kifi a gaɓa ba ta da wannan zaɓi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsallaken Atlantika

Jirage da yawa da ƙafarsu suke zuwa Karibiyan daga Turai. Tun 1986, lokacin da marubuci kuma matuƙi Jimmy Cornell ya kafa ayarin da ake kira ARC, jirage kan taru a Las Palmas ta Tsibiran Kanari a ƙarshen Nuwamba su tsallaka tare. Tafiyar zuwa Rodney Bay ta St Lucia kusan mil 2,700 ce na teku, takan ɗauki mako uku ko ƙasa da haka. A irin wannan tafiya ƙarancin mutane ya fi tsanani, domin dokar teku ta wajabta a sami mai sa ido kowane lokaci, don haka mutum uku ko huɗu ke karɓa-karɓar gadi, awa uku ko huɗu kowanne, dare da rana. Abin da suka fi tsoro shi ne mutum ya faɗa ruwa cikin duhu sauran na barci. Shi ya sa ake ɗaure kai da igiya a jikin jirgi, ana kuma ɗauke da na'urar da ke aika kiran neman ceto ta tauraron ɗan adam.

Iskar da ke kai su ita ce ta kai jiragen bayi na tsawon ƙarni uku da wani abu, kuma har yau tana ɗaukar wasu jiragen da ba su yi niyyar tafiyar ba. Tsibiran Kanari, inda ayarin ke tashi, su ne inda kwale-kwalen 'yan ci-rani daga Moritaniya da Senegal da Gambiya ke nufa, kuma a 2024 kaɗai mutum fiye da 46,000 suka isa can ta teku. Kwale-kwalen da injinsa ya mutu ko mansa ya ƙare ya kuskure tsibiran, iska da igiyar ruwa sukan ja shi yamma. A watan Mayun 2021 masunta a Tobago suka tsinci wani cike da gawarwaki, binciken kamfanin dillancin labarai na AP ya gano daga Moritaniya ya taso, ya kuma ƙirga aƙalla irinsa bakwai da suka isa Karibiyan da Brazil a wannan shekara. A watan Mayun 2025 wani ya sake faɗowa gaɓar Canouan, tsibirin da ke da filin saukar jiragen saman attajirai da matsayar manyan jiragen shaƙatawa, 'yan mil kaɗan arewa da Tobago Cays. 'Yan sandan St Vincent sun ce sun sami gawar mutum 11 a ciki, tare da fasfo na ƙasar Mali.